Ƙashin da Ba Ya Cikin Lissafi: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin a Ce Maka Ƙafarka Ta Karye

Duk wanda ya yi bayoloji a sakandare ya haddace cewa jikin babban mutum yana da ƙasusuwa 206. Malam ya faɗa, mun rubuta a jarrabawa, an ba mu maki. To amma wannan lissafin littafi ne. Mutane da yawa a cikinmu suna yawo da ƙashi ɗaya ko biyu fiye da haka, kuma ƙafa tana cikin wuraren da irin waɗannan ƙasusuwa suka fi yawa. Mai su bai ma san yana da su ba, sai ranar da ya gurɗe ƙafa a filin ƙwallo ko ya zame a matakalar hostal, aka kai shi hoto, aka ga wani ɗan guntun ƙashi a ware shi kaɗai, sai kawai a ce, "Ai ga shi nan, ya karye."

Wani lokacin karayar ce da gaske. Wani lokacin kuma halittar mutum ce, tun yana yaro yake tare da abinsa. Bambance waɗannan biyun shi zai sa ko dai ka yi sati shida da siminti a ƙafa, ko ka koma lakca bayan kwana uku da bandeji.

Ni ɗalibin kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje ne, a shekarar ƙarshe ta difloma. Wata huɗun da muke yi na sanin makamar aiki, a ɗakin hoto na wani asibitin gwamnati na yi su. Aikina bai wuce rubuta sunaye, jera marasa lafiya a layi da taimaka wa mai ɗaukar hoto wajen gyara zaman ƙafa ba, amma na ga hotuna da yawa, na yi tambayoyi, na kuma karanta bayan na dawo makaranta. Ni ba likita ba ne. Abin da na koya ne nake so in raba da ku.

Yadda ƙafa take a ciki

Ƙafa ɗaya, daga idon sawu zuwa yatsu, tana da ƙasusuwa 26. Guda bakwai suna baya: ƙashin dunduniya, ƙashin idon sawu da ke zaune a kansa tsakanin ƙasusuwan ƙwauri biyu, sai wasu ƙanana guda biyar a gabansu. Daga nan sai dogaye guda biyar da suka miƙa zuwa yatsu. Yatsun kuma suna da 14: babban yatsa biyu, sauran huɗun uku-uku. Ƙafa biyu 52 ke nan, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk ƙasusuwan jiki suna ƙasa da idon sawu.

To ina ƙarin suke fitowa? Hanya biyu ce. Ta farko, ƙafar jariri yawancinta guringuntsi ne. Ƙashi yana fara tsirowa ne daga wata cibiya a cikin guringuntsin, yana yaɗuwa a hankali. Wasu ƙasusuwan suna da cibiya ta biyu da ke fitowa daga baya, sai ta haɗe da uwar ƙashin a shekarun balaga. Idan ba ta haɗe ba, shi ke nan, ta zama ƙashi mai zaman kansa, siririn guringuntsi ko zaren nama ne kawai ke riƙe da shi.

Hanya ta biyu, akwai ƙasusuwan da ke tsirowa a cikin jijiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi, a daidai inda jijiyar ke gogar wani lungu. Masana sun sa musu suna daga kalmar riɗi a harshen Girka, saboda ƙanana ne masu kama da ƙwayar riɗi. Mafi girmansu kowa ya san shi, ƙoƙon gwiwa.

Me ya sa hoto ke ruɗar mutane

A watan Nuwamba na 1895 ne Wilhelm Rontgen ya gano hasken eksire a garin Wurzburg na ƙasar Jamus, aka ba shi kyautar Nobel ta farko a fannin fiziks a 1901. Yadda abin yake aiki ba wuya. Hasken yana ratsa jiki. Ƙashi, saboda sinadarin kalsiyam da ke cikinsa, yana tare hasken, sai ya fito fari. Nama yana barin mafi yawansa ya wuce, sai ya fito toka-toka ko baƙi.

Ga inda gizo ke saƙar: guringuntsi ba ya fitowa fari. Saboda haka guringuntsin da ke tsakanin ƙarin ƙashi da uwar ƙashi zai bayyana a matsayin baƙin layi. Karaya ma baƙin layi ce. Ka ga dalilin ruɗanin.

Likitoci sun daɗe da gane wannan tarkon. Tun a 1910 wani likitan hoto Bajamushe, Alban Kohler, ya wallafa littafi sukutum a kan iyakar da ke tsakanin halitta da cuta a hoton ƙashi. Daga baya Theodore Keats na Amurka ya fitar da wani ƙaton kundi na hotunan abubuwan da suke kama da cuta alhali lafiya lau ne, kuma har gobe likitocin hoto suna buɗe shi.

Waɗanda aka fi cin karo da su

Zan kawo sunayensu na Latin yadda suke, don su za ka gani a rubuce a takardar sakamako.

Na farko os trigonum. Yana bayan ƙashin idon sawu, can ciki, a gaban agara. Cibiyarsa tana fitowa tsakanin shekara 8 zuwa 13, kuma ga yawancin yara tana haɗewa cikin kamar shekara ɗaya. Ga wajen mutum ɗaya cikin goma, ba ta haɗewa. A hoton gefe ake ganin sa sosai, ɗan ƙashi mai kusurwa uku ko mai zagaye. Yawanci ba ya damun kowa. Amma idan mutum yana yawan miƙe ƙafa ƙasa har iyaka, kamar ɗan ƙwallo lokacin da zai buga shot ko masu rawar da ake tsayawa a kan yatsu, sai ƙashin ƙwauri da na dunduniya su riƙa matse shi kamar an sa gyaɗa a bakin ƙofa. Daga nan sai ciwo a bayan idon sawu. Mai wannan matsalar yakan ji ta har a zaman da ake naɗe ƙafa a zauna a kanta. A daidai wurin kuma ana samun karaya ta gaske, wadda wani likitan Kanada, Francis Shepherd, ya yi bayaninta a 1882, har take ɗauke da sunansa. Wuri ɗaya, kama ɗaya, amma magani daban.

Na biyu yana gefen ciki na ƙafa, a saman lanƙwasar tafin ƙafa, jikin wani ƙashi mai siffar kwalekwale. A takarda za ka ga os tibiale externum ko os naviculare accessorium. Shi ma wajen ɗaya cikin goma ne, kuma sau da yawa a ƙafa biyun yake. Iri uku ne. Na ɗaya ƙarami ne kamar ƙwayar gero ko dawa, a cikin jijiya, ba ruwansa da kowa. Na uku ya riga ya haɗe da uwar ƙashi, sai dai ya sa ta yi tsini. Na biyun shi ne mai rigima: ya fi girma, guringuntsi ke riƙe da shi, kuma babbar jijiyar da ke ɗaga lanƙwasar tafin ƙafa tana maƙale a jikinsa. Kowane taku jijiyar na jan sa. Shafa gefen ƙafarka na ciki, yatsa biyu ko uku gaba da ƙasa da idon sawu. Idan ka ji wani ƙullutu mai tauri da takalmi sau-ciki ke gogawa, mai yiwuwa shi ne. An fi ganin yana ciwo ga matasa, musamman 'yan mata, da masu shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa. Sauya takalmi, sa abin tallafi a cikinsa da hutawa sukan wadatar. Idan abin ya ƙi, akwai tiyatar cire shi da wani likita mai suna Kidner ya yi bayaninta a 1929.

Na uku, gefen waje. Nan ne aka fi tafka kuskure, domin nan ne ke jin jiki idan ƙafa ta gurɗe. Shafa gefen ƙafarka daga ƙaramin yatsa ka yo baya, za ka ji wani tudu a tsakiyar hanya. Gindin dogon ƙashi na biyar ke nan. Abubuwa huɗu ne ke iya bayyana a kusa da shi. Akwai os peroneum, ƙashin riɗi ne a cikin jijiya, ɗan baya kaɗan, wani lokacin ma a rabe gida biyu. Akwai os vesalianum, wanda ba a cika samun sa ba, an sa masa sunan Andreas Vesalius, mai shahararren littafin sassan jikin mutum na 1543. Akwai cibiyar girma ta yara, wadda ke fitowa wajen shekara 9 zuwa 11 ga mata, 11 zuwa 14 ga maza. Sai kuma karaya. Ga dabarar da aka koya mini: layin cibiyar girma yana bin tsawon ƙashin, a kwance da shi, ita kuwa karaya yawanci tana gitta shi ne a tsaye.

Na ga amfanin wannan dabarar ranar da wani bawan Allah ya kawo ɗansa mai shekara goma sha biyu da hoton da aka yi musu a wani wuri, an ce masa yaron ya karye. Likitan ya duba, ya latsa wurin, yaron bai ko motsa ba. Ciwon yana can sama a idon sawu. Ya ce masa, "Alhaji, wannan layin girma ne, duk sa'anninsa suna da shi. Targaɗe ya yi." Bandeji aka ɗaura masa suka tafi.

Na huɗu, ƙarƙashin gindin babban yatsa. Kusan kowa yana da ƙasusuwan riɗi guda biyu a nan, ba a dai saka su cikin 26 ɗin. Ga wasu mutane, ɗaya daga ciki, galibi na gefen ciki, a rabe yake gida biyu tun asali. Idan ka haɗa gidajen biyu za ka ga sun fi ɗan'uwansu girma, gefunansu kuma sumul. Wanda ya fashe kuwa girmansa daidai da na asali ne.

Na biyar os subfibulare, ɗan ƙashi a ƙarƙashin ƙullutun idon sawu na waje. Wannan sai an yi hankali. Wani halitta ne, wani kuma tsohuwar karaya ce: mutum ya gurɗe ƙafa tun yana yaro, jijiya ta finciko guntun ƙashi, bai haɗe ba, shekaru suka goge gefunansa. Idan kana da shi kuma ƙafarka tana yawan gurɗewa ba dalili, kada ka yi sake, ka ga likitan ƙashi.

Ga masu ƙanne a gida, ku ƙara da wannan: bayan dunduniyar yaro mai tasowa yakan fito a hoto fari fat, kamar ma a farfashe. Cibiyar girma ce, haka take ga yaro mai lafiya.

Yadda likita ke bambancewa

Abu na farko gefen ƙashin. Ƙarin ƙashi yana da siririn farin layi da ya zagaye shi kaf, gefensa a goge kamar tsakuwar rafi. Sabuwar karaya gefenta kaifi ne da ita, zago-zago, kuma babu wannan farin layin a ɓangaren da ya ɓalle.

Na biyu dacewa. Idan ƙwarya ta fashe, ka ɗauko guntun ka mayar, zai zauna daram a gurbinsa. Haka guntun karaya yake, za ka ga gurbin da ya baro. Ƙarin ƙashi ba shi da gurbi, uwar ƙashin cikakkiya ce.

Na uku wuri. Ƙarin ƙasusuwa suna da sanannun mazaunai, wanda ya san aiki ya haddace su.

Na huɗu, kuma a ganina shi ne babba, jikin mutumin. Ina ciwon yake? Ina kumburin? Idan ɗan ƙashin yana gefen ciki amma ciwo da kumburi suna waje, to ba shi ne mai laifin ba. Shi ya sa hoto ba ya maye gurbin hannun likita.

Idan har yanzu da shakka, likita na iya sa a ɗauki ɗayar ƙafar a gwada. Samun irinsa a can babbar alama ce ta halitta, kodayake rashin sa ba ya tabbatar da karaya, don wani a ƙafa ɗaya kawai yake da shi. Ana kuma iya sake hoton bayan kwana 10 zuwa 14. Karaya tana sauya kama, layinta ya ƙara fitowa, daga baya sabon ƙashi ya fara taruwa. Ƙarin ƙashi kuwa yadda ka bar shi haka za ka same shi.

Kada ka ji haushi idan mai hoto ya yi ta juya maka ƙafa. Hoto ɗaya ba ya isa, don ƙasusuwan suna hawa kan juna a ɓoye wani. Ana ɗaukar gaba, gefe, da na karkace. A idon sawu ana juya ƙafar ciki kamar digiri 15 zuwa 20 don gaɓar ta buɗe a gan ta sosai.

Sauran na'urori

CT ita ma eksire ce, amma tana nuna ƙashi yanka-yanka, don haka ta fi kowa fito da gefen ƙashi dalla-dalla. Godfrey Hounsfield na Ingila ne ya ƙera ta farko, aka fara gwada ta a kan marar lafiya a 1971. MRI da maganaɗisu take aiki, tana nuna jijiya, guringuntsi da ruwan kumburi a cikin ɓargo. Ita ce ke amsa tambayar da eksire ba ta iyawa: wannan ƙashin yana nan zaune lafiya ne, ko shi ne ke ciwon? Sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, shi ma yana aiki a ƙafa. Yana nuna jijiya tana motsi, kuma ana iya ɗora shi daidai inda kake jin zafi. CT da MRI da tsada, ba kuma kowane asibiti ke da su ba, amma gaskiya yawancin lokuta ba a kai wa nan. Hoto mai kyau da likita mai lura sun isa.

Shin kowane targaɗe sai an yi hoto?

A'a. A 1992 likita Ian Stiell da abokan aikinsa a birnin Ottawa na Kanada suka fitar da ƙa'idojin da ake amfani da su a duniya har yau. A taƙaice, bayan rauni ana buƙatar hoton idon sawu idan akwai ciwo a wurin kuma latsa tsini ko bayan ɗaya daga ƙullutan idon sawu, har zuwa santimita shida sama, yana zafi. Ana buƙatar hoton ƙafa idan akwai ciwo a tsakiyarta kuma latsa gindin dogon ƙashi na biyar ko ƙashin kwalekwale yana zafi. A duka biyun, idan mutum ya kasa taku huɗu a lokacin da ya ji ciwon da kuma a asibiti, a yi hoto. Ɗingishi ma taku ne. Ma'aikacin lafiya ne zai yi wannan gwajin, amma sanin sa zai sa ka gane dalili idan an ce ba ka buƙatar hoto.

Abin da kuskure ke jawowa

Idan aka ɗauki ƙarin ƙashi a matsayin karaya, za a sa maka siminti a banza. Tsokar ƙwauri ta zube, gaɓa ta sandare, ga kuɗi, ga hawa benen ɗakin jarrabawa da sanda. Ainihin targaɗen, wanda motsi a hankali ke taimaka wa warkewarsa, an bar shi a ɗaure.

Akwai kuma maganar ɗori. Na san da yawa daga cikinmu wurin mai ɗori za a fara kai su, wasu ma da hoton a hannu. Ba raina sana'ar iyaye nake yi ba. Amma a ja ƙashin da bai karye ba a murɗa shi, a ɗaure da kara tamau a kan ƙafar da ke kumbura, wannan haɗari ne. Idan yatsu suka yi sanyi, suka sauya launi, suka dena jin taɓi, ko ciwon ya riƙa ƙaruwa, a kwance ɗaurin nan take a tafi asibiti. Jini ne ba ya wucewa, kuma ta haka ake rasa ƙafa.

Kuskuren ɗaya ɓangaren ma ba wasa ba ne. Akwai karayar da ke gitta dogon ƙashi na biyar kaɗan gaba da gindinsa, ana ce mata karayar Jones. Robert Jones, likitan ƙashi na Libaful, ya yi bayaninta a 1902 bayan ta same shi shi kansa a wurin rawa. Jini bai wadata a wurin ba, don haka tana da taurin kai wajen haɗewa. Wanda ya karanta wannan rubutu ya ce "ai ƙarin ƙashi ne" ya ci gaba da buga ƙwallo a kanta, zai iya ƙarewa a ɗakin tiyata.

Abin da za ka riƙe

Idan za a yi maka hoto, nuna wa mai ɗauka daidai inda ke ciwo da yatsa ɗaya, ka kuma faɗi yadda ka faɗi. 'Yar'uwa, idan kina da juna biyu ko kina zato, ki faɗa tun kafin a fara. Hasken da ake sha a hoton ƙafa kaɗan ne ƙwarai, bai kai wanda jiki ke samu daga ƙasa da iska a yini guda ba, don haka ba abin tsoro ba ne idan likita ya nema.

Mai ɗaukar hoto daban, mai fassara shi daban. Kada ka tsaya a bakin ƙofa ka ɗaga fim sama kai da abokanka ku yanke hukunci. Kai wa likita, ya duba hoton ya kuma taɓa ƙafar. Idan an ce karaya ce amma wurin da aka nuna ba nan ke ciwo ba, ba laifi ka tambaya cikin ladabi, "Likita, ko ƙarin ƙashi ne?" Idan abin ya rikice, asibitocin koyarwa da asibitin ƙashi na Dala a Kano suna da ƙwararru a wannan fanni.

Na ƙarshe, ka adana tsohon hotonka, ko da a waya ne. Idan an taɓa gaya maka kana da ƙarin ƙashi, rubuta sunansa da ƙafar da yake. Ranar da ka sake gurɗewa, wannan tsohon hoton zai iya hutar da kai sati shida. Masu buga gasar sassa ta wannan zangon, a yi a hankali, Allah ya tsare mana ƙafafu.